Wai ta yaya ƙasa ke samun tikitin babbar gasar ƙwallon kwando, kuma me ya sa manya ke faɗuwa a hanya?

Duk sanda aka fitar da jerin ƙasashen da za su buga kofin duniya na ƙwallon kwando ko Olamfik sai an tayar da ƙura. Tambayar kullum ɗaya ce, ya za a yi ƙasa mai 'yan wasa birjik a NBA, babbar gasar ƙungiyoyi ta Amurka, ta rasa gurbi, wata kuma da ba a ma san tana buga kwando ba ta samu? A kofin duniya na 2023 haka aka yi ta cecekuce. Ajantina da ta buga wasan ƙarshe a 2019 ba ta je ba, Najeriya da Senegal da Tunisiya duk suna gida, sai ga Cape Verde, tsibiran da mutanensu ba su kai ko miliyan ɗaya ba, a cikin jerin. Da aka zo Olamfik ɗin Paris a 2024 kuma Latbiya da ta zo ta 5 a kofin duniya ba ta samu shiga ba, amma Sudan ta Kudu da ta zo ta 17 tana cikin fili. Wasu sai su ce son kai ne ko an yi wata ƙumbiya-ƙumbiya. Gaskiya babu wannan, komai a rubuce yake, tsarin ne dai ke da lanƙwasa da yawa, kuma ba ya tambayar wa ya fi taurari.

Wa ke rabon guraben?

Hukumar ƙwallon kwando ta duniya ita ce FIBA, an kafa ta a 1932 a Geneva, hedikwatarta na garin Mies a Suwizalan. Ita ke da kofin duniya, ita ke tsara yadda ake shiga gasar kwando ta Olamfik. NBA kuwa gasar ƙungiyoyi ce mai cin gashin kanta a Amurka da Kanada, ba ta ƙarƙashin FIBA, ka riƙe wannan domin a nan rabin rikicin yake.

Tun daga 2019 ƙasashe 32 ke buga kofin duniya na maza, da can 24 ne. Kuma ba wai ana ɗaukar ƙasashe 32 da suka fi kowa ƙarfi a duniya ba ne, a'a, kowace nahiya da kasonta. Turai na da gurabe 12, nahiyar Amurka gaba ɗayanta ta arewa da ta kudu 7, Afirka 5, Asiya 8 idan aka haɗa da mai masaukin baƙi. Ostireliya da New Zealand tun 2017 suke bugawa da ƙasashen Asiya. A gasar 2027 da za a yi a Katar, ita Katar ta samu nata kai tsaye, saura 7 a yi kokawa a kansu.

To ka ga tun daga nan an amsa rabin tambayar. Cape Verde ba ta ƙwace gurbin Ajantina ba, ba su ma taɓa haɗuwa a hanya ba. Kowa a cikin nahiyarsa yake fafatawa, ƙasar da ta zo ta 13 a Turai ko da za ta iya lallasa ta 3 a Asiya to haƙuri za ta yi.

Shi ma tikitin mai masaukin baƙi ba kullum yake tabbas ba. A 2023 ƙasashe uku suka haɗu suka ɗauki nauyin gasar, Filifins da Japan da Indunusiya. Biyun farko an ba su gurbi kai tsaye, Indunusiya kuwa aka sa mata sharaɗi sai ta kai zagayen 'yan takwas a kofin Asiya na 2022. Ba ta kai ba. Haka aka yi wasanni a Jakarta masu gida suna kallo.

Yadda ake yi da, da abin da aka sauya

Kafin 2017 abin da sauƙin ganewa. Ana buga kofin nahiya duk bayan shekara biyu, AfroBasket a Afirka, EuroBasket a Turai da sauransu, waɗanda suka zo sama su wuce kofin duniya ko Olamfik. Mako biyu yawanci a gari ɗaya ko ƙasa ɗaya, lokacin da gasannin ƙungiyoyi suke hutu, kowa da taurarinsa. Ta haka Najeriya ta je Olamfik ɗin Rio a 2016, ta ci AfroBasket na 2015 a Tunisiya bayan ta doke Angola a wasan ƙarshe. Har da wasu gurabe na alfarma da FIBA ke rabawa da kanta, a 2014 Brazil da Finland da Girka da Turkiyya ta wannan ƙofar suka shiga.

Sai FIBA ta ce wannan tsarin ya bar 'yan kallo a baya, akwai ƙasashen da za su yi shekaru tawagarsu ba ta buga wasa mai muhimmanci a gida ba ko sau ɗaya. Ta duba yadda ƙwallon ƙafa ke yi, ta kwaikwayo. Aka ɗage kofin duniya daga 2018 zuwa 2019 don kada ya riƙa faɗowa shekara ɗaya da na ƙwallon ƙafa, aka mayar da kofunan nahiya na maza duk shekara huɗu, aka soke guraben alfarma, sannan daga Nuwamba 2017 aka fara wasannin neman gurbi na gida da waje.

Zango shida, zagaye biyu

Ƙasashe 80 ke shiga neman gurbi, 32 a Turai, sai 16-16 a Afirka da Amurka da Asiya. Shiga cikin 80 ɗin ma ba kyauta ba ne, wasu sai sun bi ta wasannin share fage na farko, a Afirka kuma ƙasashe 16 da suka buga AfroBasket su ne ke shiga. Ana buga wasannin ne a zango shida cikin kusan wata 15, na 2027 misali ya kama daga Nuwamba 2025 zuwa farkon 2027. Kowane zango 'yan kwanaki ne kawai, a tara 'yan wasa a yi atisaye sau biyu ko uku a buga, kowa ya koma ƙungiyarsa.

Zagayen farko rukuni-rukuni ne na ƙasashe huɗu, kowa ya kara da kowa sau biyu, wasa shida kenan. Ta ƙarshe a teburi ta tafi gida, uku su wuce. Nan ne mutane ke yaudarar kansu, wai ai uku cikin huɗu ke wucewa don haka zagayen farko ba wani abu ba ne. Kuskure ne babba. A zagaye na biyu ana haɗe uku na wannan rukunin da uku na wancan su zama shida, kuma ba a share allo, kowa da sakamakonsa na zagayen farko yake shigowa. Ba za ka sake karawa da 'yan tsohon rukuninka ba, sababbin ukun kawai za ka buga da su sau biyu-biyu. Wato wasan da ka yi sakaci da shi a watan farko yana nan a wuyanka har ranar ƙarshe, kuma babu damar ramawa a kan wanda ya ci ka.

Daga rukunonin 'yan shida ɗin ake fitar da masu tikiti. A Turai rukuni huɗu ne, uku-uku na sama su wuce, 12 kenan. A Amurka rukuni biyu, uku-uku sai kuma wadda ta fi kyau a cikin na huɗu. A Afirka rukuni biyu, bibbiyu na sama sai wadda ta fi kyau a cikin na uku.

Lissafin makin ma daban yake da na ƙwallon ƙafa. Babu canjaras a kwando, in an tashi kunnen doki sai a ƙara minti biyar-biyar har a samu gwani. Wanda ya ci maki 2, wanda aka ci maki 1, wanda bai fito fili ba sifili kuma a rubuta an ci shi 20 da nema. In ƙasashe suka yi daidai a maki, abin da ake fara dubawa shi ne wasannin da suka buga a tsakaninsu, wa ya ci wa, sannan tazarar cin a waɗannan wasannin, kafin a je ga tazarar rukunin gaba ɗaya. Shi ya sa za ka ga tawaga tana gaba da tazara mai yawa saura daƙiƙa goma amma tana ta ƙoƙarin ƙara jefawa, ba rashin kunya ba ne, lissafi suke yi.

Kuma ƙin fitowa sau biyu kora ce. A Yulin 2022 a Kigali tawagar maza ta Mali ba ta fito wasanni biyu ba saboda rikicin alawus tsakanin 'yan wasa da hukumarsu, aka cire ta daga gasar aka soke sakamakonta, abin da ya taɓa lissafin sauran 'yan rukunin ma.

Ina taurarin suke a Nuwamba da Fabrairu?

Wannan shi ne ainihin zancen. A ƙwallon ƙafa dole ƙungiya ta saki ɗan wasa in ƙasarsa ta kira a lokacin da aka ware. A kwando ba haka ba ne. NBA tana fara kakarta a Oktoba ta kai har Yuni, ba ta tsayawa don zangon FIBA, ba ta kuma sakin kowa. EuroLeague, gasar manyan ƙungiyoyin Turai, ita ma shekaru ta yi tana takun saƙa da FIBA tana sa wasanninta a kan ranakun zangon, sai a 'yan shekarun nan suka fara daidaitawa. To a cikin zango shida, huɗu a Nuwamba da Fabrairu suke faɗowa a zagayen 2023. Biyu ne kawai ke zuwa lokacin hutun NBA, su ma ba dole tauraro ya zo ba, ga gajiya, ga maganar sabon kwantiragi, ga kuɗin inshora da hukumar ƙasar za ta biya in albashinsa mai nauyi ne.

Wato mutanen da suke nemo tikitin daban, waɗanda za su hau jirgi zuwa gasar daban. Amurka ta fi kowa nuna wannan a fili, da 'yan G League, ƙaramar gasar da ke ƙarƙashin NBA, take buga neman gurbi, Jeff Van Gundy ya horar da su a zagayen 2019, Jim Boylen a na 2023. Sun sha kashi a hannun Meziko da Ajantina amma dai sun wuce, don Amurka ko sahu na huɗu ta ɗebo yana da ƙarfi.

Ƙananan ƙasashe masu manyan taurari su ne ke shan wuya. Sulobeniya ta ci kofin Turai a 2017 da Goran Dragic da Luka Doncic, ba a ci ta ko wasa ɗaya ba. Bayan wata biyu aka fara neman gurbi babu su biyun, zakarar Turai sukutum ta kasa zuwa kofin duniya na 2019. Kuroshiya ma haka. Ajantina kuwa a ranar ƙarshe ta Fabrairun 2023 a gidanta Mar del Plata, tana gaban Jamhuriyar Dominika da tazarar 17 aka juye mata wasan, kuma mai horar da Dominikan, Nestor Garcia, ɗan Ajantina ne da bai daɗe da barin aikin horar da ita ba. Ajantina ta ƙare ta huɗu a rukuninta, Brazil ta ɗauke gurbin mafi kyau a na huɗu.

A ganina tsarin yana auna abin da mutane ba sa kallo ne. Yana auna ko ƙasa tana da 'yan wasa 20 ko 25 da za a iya kira, ko tana da gasar cikin gida mai rai, ko hukumarta na iya sayen tikitin jirgi a kan lokaci sau shida, ko mai horarwa ɗaya ne ke riƙe da tawagar ko kuwa kowane zango da sabuwar fuska. Jerin sunayen 'yan NBA ba ya cin wasan Fabrairu.

Afirka da nata salon

A takarda gida da waje ne, amma a Afirka ba a yin hakan. Tsadar zirga-zirgar jirgi da ƙarancin filayen da suka cika sharuɗɗa sun sa ake tara rukuni a gari ɗaya a buga wasa uku cikin kwana uku. Garuruwa irin su Dakar da Kigali da Abidjan da Luanda da Iskandariyya da Monastir su ke yawan karɓa. Wasa uku a jere ba hutu, in babban ɗan wasanka ya ji rauni ranar Juma'a to Asabar da Lahadi ma sun tafi, rabin zagaye kenan. Ƙasar da ta iya ɗaukar nauyin zango kuwa ta samu 'yan kallonta a bayanta.

A 2019 Angola da Kwaddebuwa da Najeriya da Senegal da Tunisiya ne suka wakilci nahiyar. A 2023 biyu kawai suka dawo, Angola da Kwaddebuwa, sai Masar da Cape Verde da Sudan ta Kudu. Labarin Sudan ta Kudu ya isa misali. Ƙasar a 2011 ta samu 'yanci, tsohon ɗan wasan NBA Luol Deng ya zama shugaban hukumar kwandonta a 2019, ya tattaro 'ya'yan ƙasar da suka tashi a Ostireliya da Amurka da sauran wurare, kusan mutanen nan dai su ne ke zuwa kowane zango. Wasa 11 suka ci cikin 12, kuma ko ɗaya ba su buga a gida ba. Najeriya da ta doke Amurka 90 da 87 a wasan sada zumunci a Las Vegas a 2021 ta fi su sunaye nesa ba kusa ba, amma tawagar da ta ci Amurka ba ita ce ta riƙa fitowa zangon neman gurbi ba.

Olamfik, ƙofar da ta fi ƙunci

Ƙasashe 12 kacal ke buga kwandon maza a Olamfik. Ɗaya mai masaukin baƙi. Bakwai daga kofin duniya suke fitowa, kuma nan ma rabon nahiya ne: biyu da suka fi kyau daga Turai, biyu daga Amurka, ɗaya daga Afirka, ɗaya daga Asiya, ɗaya daga yankin Ostireliya, wanda a nan ake ware shi daban. A 2023 Jamus da Sabiya da suka buga wasan ƙarshe suka ɗauke na Turai, Kanada da Amurka na nahiyarsu, sai Ostireliya da Japan da Sudan ta Kudu, Faransa kuma mai gida.

Shi ya sa wasannin jera matsayi na 17 zuwa 32 da mutane ke rainawa suke da zafi ga Afirka da Asiya. An fitar da kai daga neman kofi amma tikitin Olamfik na nan a ƙasa. Sudan ta Kudu ta samu nata ne ranar da ta doke Angola, Masar kuma ta faɗi a hannun New Zealand. Japan da ta zo ta 19 ta samu nata bayan ta ci Cape Verde. Najeriya ma ta wannan hanyar ta je Tokyo, ita ce ta fi kyau a cikin 'yan Afirka a gasar 2019 a Chaina.

Sauran gurabe huɗu kuwa gasar dama ta ƙarshe ce, ƙasashe 24 a garuruwa huɗu, shida-shida, kuma zakara kaɗai ke wucewa a kowane gari, ta biyu ba ta da komai. A 2024 Sifaniya ta ci na Valencia, Girka da Giannis Antetokounmpo ta ci na Piraeus, Puerto Rico ta ci na San Juan, Brazil kuma ta je har Riga ta doke Latbiya a gidanta. Duba abin da ya faru da waɗanda suka zo na 5 da 6 da 7 da 8 a kofin duniya, Latbiya da Lituwaniya da Sulobeniya da Italiya, ko ɗaya ba ta je Paris ba. Turawa suna kukan wannan sosai kuma kukansu na da hujja. Amma masu kare tsarin suna cewa in aka bi ƙarfi zalla Olamfik zai koma kofin Turai da aka gayyato Amurka da Kanada, kuma yaro a Juba ko Tokyo ba zai taɓa ganin tutarsa a wurin ba. Ni dai na fi karkata nan, tunda Sudan ta Kudu da ta je ba ta ba da kunya ba, ta ci Puerto Rico a wasanta na farko.

Na mata ba irin na maza ba ne

Kada a haɗa lissafin. Mata ba sa bin wannan zango shidan don kofin duniya, kofunan nahiyarsu har yanzu duk shekara biyu ne kuma su ne matakin farko. Kofin duniya na mata na 2026 a Berlin ƙasashe 16 ne, an ƙara daga 12 da aka yi a Sydney a 2022. Jamus mai gida ce, zakarun nahiyoyi na 2025 sun samu tikiti kai tsaye, wato Najeriya da Beljiyam da Amurka da Ostireliya, sauran kuma ta gasannin neman gurbi da ake tara ƙasashe a garuruwa huɗu.

A nan ne kuma aka ga cewa samun tikiti daban, zuwa daban. D'Tigress, tawagar matan Najeriya, sun samu gurbin Sydney a fili, sai gwamnatin Najeriya ta sanar a Mayun 2022 cewa ta janye ƙasar daga wasannin kwando na duniya na shekara biyu saboda rikicin shugabancin hukumar kwandon ƙasar. FIBA ta miƙa gurbin ga Mali. Da aka janye matakin bayan 'yan makonni, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Rasha da Belarus ma siyasa ce ta fitar da su a 2022 bayan mamayar Yukiren.

Wa ya ci riba, wa ya yi asara

Ɗan kallo a ƙasashe irin su Finland da Jojiya da Lebanon ya ci riba, yana ganin tawagarsa a garinsa a wasan da ke da ma'ana, hukumomi na samun kuɗin tikiti da na talla. Ɗan wasan cikin gida ma ya samu ƙofa, yana sa rigar ƙasa ana ganinsa, wani daga nan yake samun kwantiragi a waje. Sai dai akwai ɗaci a ciki, shi ya sha wahalar Nuwamba da Fabrairu, da gasar ta zo sai a ajiye shi don tauraro ya iso, tunda mutum 12 kawai ake rubutawa.

Akwai kuma dokar da ke hana masu kuɗi sayen tawaga. A cikin 12 ɗin mutum ɗaya kawai aka yarda ya zama wanda ya karɓi fasfon ƙasar bayan ya wuce shekarun da FIBA ta ƙayyade. Da wannan gurbin Jordan Clarkson ke buga wa Filifins, da shi Lorenzo Brown ya ci kofin Turai da Sifaniya a 2022. Dokar tana cizon ƙasashen da 'ya'yansu ke warwatse a waje, yaro iyayensa 'yan ƙasar ne amma ba a yi masa fasfo da wuri ba, sai a iya lissafa shi a matsayin baƙo in FIBA ba ta yi masa sassauci ba, kuma in irinsu uku ne to biyu za su zauna.

Mai bin gasar Katar ta 2027 abin da zai riƙa dubawa shi ne teburin da ƙasa ta shiga zagaye na biyu da shi, da wa ya ci wa a tsakanin waɗanda suke kusa da juna a maki, sannan sunayen da aka kira a zangon Nuwamba da na Fabrairu. Daga wannan gasar ta Doha ne kuma za a fara rabon tikitin Olamfik ɗin Los Angeles na 2028.